Na Sauya Rautar Gida, Gem Ya Daina Tafiya Daidai: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙorafin iri ɗaya ne kusan ko'ina. An kawo sabuwar rauta gida, wato akwatin da ke raba intanet ga kayan gida, YouTube na tafiya ba gargada, saƙon WhatsApp na shiga, amma da an kunna gem na intanet sai ya kasa samo abokin karawa, ko ya riƙa daskarewa, ko ya watso mutum waje ana tsakiyar wasa. Sai a ce rautar jabu ce, ko kamfanin intanet ne ya rage sabis. Wani lokacin haka ne, amma ba kasafai ba. Sabuwar rauta ba ta gaji komai daga tsohuwar ba. Duk saitin da aka yi wa waccan, har wanda ta zo da shi daga masana'anta ba ka sani ba, ya tafi da ita. Matsalar kuwa a ɗaya daga wurare uku take zama: tsakanin na'urar gem da rauta, ko cikin saitin rautar, ko daga rautar zuwa waje. A kan wannan tsari tambayoyin nan suke tafiya.

Bidiyo na tafiya lafiya lau, me ya sa gem kaɗai ke ba ni wahala?

Buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Manhajar bidiyo tana sauke abin da ke gaba ta ajiye tun kafin ka kai wurin, shi ya sa ko sabis ya ɗan yanke na daƙiƙa biyu ba za ka lura ba. Gem ba shi da wannan damar. Abin da ka danna dole ya isa sabar gem, wato kwamfutar kamfanin da ke tafiyar da wasan, nan take, amsa ta dawo nan take, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Bayanan ba su da nauyi, jira ne ba sa jurewa. Sannan wasu gem ɗin suna haɗa na'urarka kai tsaye da ta abokin wasanka, wato saƙo ne zai taso daga waje yana neman shigowa gidanka. Kallon bidiyo ba ya buƙatar haka, don haka rauta za ta iya toshe wannan hanyar shekara guda ba wanda ya sani sai mai buga gem.

Daga ina zan fara?

Daga kebul. Ka samo kebul ɗin intanet, ka haɗa na'urar gem da ɗaya daga ramukan LAN na bayan rauta, ka buga wasa biyu ko uku. Idan komai ya daidaita, laifin na waifai ne, kada ka ɓata lokaci kan NAT ko DNS da za a yi bayaninsu a gaba. Idan matsalar na nan, ta wuce waifai. Ko da ba za ka iya barin kebul a shimfiɗe tsakar gida ba, ka ɗauko na'urar ka kawo ta kusa da rauta na rabin awa, don gwaji kawai.

Gwaji na biyu shi ne ka kunna hotspot na wayarka, ka haɗa na'urar da shi. Idan nan ma ya ƙi, wataƙila sabar gem ɗin ce ke da matsala a ranar, ko asusunka. PlayStation da Xbox da Nintendo duk suna da shafin da ke nuna halin da sabobinsu suke ciki.

Kafin duk wannan, ka goge tsohon waifai daga na'urar, ka kashe ta gaba ɗaya, ba barci ba, ka zare rauta daga soket na minti ɗaya, sannan ka kunna rauta, ka jira fitilunta su zauna, ka kunna na'urar. Kowace na'ura tana da wurin gwajin haɗi a saitin netwok. A PlayStation 4 da 5, wato PS4 da PS5, sunansa Test Internet Connection, a Switch ta Nintendo kuma Test Connection. Ka ɗauki hoton sakamakon da waya, za ka buƙace shi gaba.

PS4 ɗina ba ta ma ganin sabon waifai, ko ta gan shi ta ƙi karɓar fasiwod.

Abu biyu ke jawo wannan. Na farko zango ne, wato mitar da waifai ke tafiya a kai. PS4 ta farko, wadda ta fito a 2013, zangon 2.4 GHz kaɗai take kamawa. Slim da Pro na 2016 ne suka zo da 5 GHz. Sababbin rautoci da yawa suna haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, su riƙa zaɓar wa kowace na'ura, abin da wasu kamfanoni ke kira Smart Connect. Tsofaffin na'urori kan rikice da shi. Ka kashe shi, ka ba kowane zango sunansa daban, ka tabbatar 2.4 a kunne yake.

Na biyu tsarin tsaro ne. An fito da WPA3 a 2018, kuma PS4 da Switch ta farko ba su san shi ba. Idan rautar a kan WPA3 take, fasiwod ɗinka daidai ne, na'urar ce ba ta jin yaren. Ka mayar da shi WPA2 mai AES. Akwai saitin da ke gwama WPA2 da WPA3, kuma ya kamata ya yi aiki, amma tsofaffin na'urori sukan yi masa gardama, don haka in ya ƙi a koma WPA2 zalla. Kada dai ka bar waifai a buɗe ba fasiwod don neman sauƙi. Kafin magariba maƙwabta sun cika shi.

Wata dabara mai rage wahala ita ce a ba sabuwar rauta sunan tsohuwar da fasiwod ɗinta, harafi da harafi. Yawancin kayan gida sai su haɗu da kansu.

Ta haɗu da waifai amma ta ce babu intanet.

Ka tuna ko an taɓa rubuta wa na'urar adireshin IP da hannu. Mutane da yawa sun yi haka shekarun baya don gyara NAT, sun manta. Idan tsohuwar rauta tana kan 192.168.0.1, kamar yawancin TP-Link da Tenda, sabuwar kuma tana kan 192.168.8.1, kamar yawancin rautocin Huawei masu sim, to na'urarka tana can tana neman hanyar fita a adireshin da babu kowa. Ka shiga saitin netwok ka mayar da IP da DNS kan Automatic.

Idan kuma babu abin da ke samun intanet a gidan kwata-kwata, ba maganar gem ba ce. Wasu kamfanonin faiba suna amfani da PPPoE, mai buƙatar suna da lambar sirri da aka rubuta a cikin tsohuwar rauta. Sai ka nemi kamfanin su ba ka. A rauta mai sim kuma, APN za a duba, wato saitin da ke haɗa sim da intanet ɗin kamfanin layin.

Mene ne wannan NAT da gem ke ta ƙorafi a kai?

Kamfanin intanet adireshi ɗaya yake ba gidanka, kayan gidan kuwa suna da yawa: wayoyi, talabijin, kwamfuta, na'urar gem. Rauta ce ke ba kowanne adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, sannan ta fitar da saƙon kowa da adireshin nan ɗaya na waje. Wannan aikin shi ne NAT. Rauta kamar maigadi take a bakin get: ɗan gida in ya aika saƙo waje, maigadi ya san amsa na zuwa, zai kai masa, amma baƙon da ya zo ba a sanar da zuwansa ba, a waje zai tsaya. A gem ɗin da ke haɗa 'yan wasa kai tsaye, abokin karawarka shi ne baƙon.

Kowane kamfani da yadda yake auna tsananin. PlayStation tana cewa Type 1, 2 ko 3. Xbox tana cewa Open, Moderate ko Strict. Switch tana ba da haruffa, A da B masu kyau, C da dama-dama, D da F matsala. A PlayStation, Type 2 shi ne na duk wanda ke bayan rauta mai aiki daidai, kuma ya wadatar. Masu kwana suna neman Type 1 wahalar banza suke sha, domin ma'anarsa babu rauta a tsakani. Type 3 ne abin gudu. A ƙa'idar Xbox, mai Open yana haɗuwa da kowa, mai Moderate yana haɗuwa da Open da Moderate, mai Strict kuwa sai da Open kaɗai. Shi ya sa za ka iya buga wasa da wani a Turai, amma ka kasa shiga wasa ɗaya da abokinka na layi na gaba, in ku biyun duka a tsaurare kuke.

Alamomin NAT mai tsauri daban suke da na raunin sabis: daɗewa ana neman abokin wasa, gayyata ta ƙi shiga, ka ji muryar wasu a hira ba ka jin ta wasu, ko a Switch lambobin kuskure masu farawa da 2618. NAT ba ya sa gem daskarewa bayan an riga an haɗu. In daskarewa ce damuwarka, ka tsallaka zuwa tambayar 100 Mbps a ƙasa, inda aka yi maganar ping.

To yaya zan sassauta shi?

Ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin rautar, yana nan a takardar da ke manne a ƙasanta tare da lambar shiga. Ka nemi UPnP, yawanci a ƙarƙashin Advanced ko NAT Forwarding ko Security. UPnP yana ba na'urar gem damar buɗe wa kanta ƙofofin da take buƙata. Wasu rautoci a kunne suke zuwa da shi, wasu a kashe, kuma wannan bambancin kaɗai ya isa ya sa gem ya yi shekaru yana tafiya a tsohuwa ya tsaya a sabuwa. Ka kunna, ka sake kunna rauta da na'urar, ka maimaita gwaji. A gidaje da yawa magana ta ƙare a nan.

In bai yi ba, sai buɗe ƙofofi da hannu, a shafin da ake kira Port Forwarding ko Virtual Server. Amma da farko ka ɗaure wa na'urar adireshi ɗaya a cikin rauta, a wurin Address Reservation, in ba haka ba gobe rauta ta ba ta wani adireshin, ƙofofin su koma suna kallon wayar ƙanwarka. PlayStation tana amfani da TCP 80, 443, 3478, 3479 da 3480, da UDP 3478 da 3479. A Xbox babbar ƙofa ita ce 3074, TCP da UDP, sai UDP 88, 500, 3544 da 4500. Call of Duty ma 3074 yake so. Kada ka buɗe ƙofa da hannu kuma ka bar UPnP yana neman ita wannan ƙofar, sukan yi karo. Ka zaɓi hanya ɗaya.

Hanya ta ƙarshe ita ce DMZ, inda rauta ke tura duk abin da ya zo daga waje zuwa na'ura ɗaya. Ga PlayStation ko Xbox ko Switch ana iya jurewa. Kwamfuta ko waya kuwa, kada a sa su a DMZ ko da wasa.

Na kunna UPnP, na buɗe ƙofofi, har DMZ na yi, amma yana nan a Type 3.

Nan ne yawancin mutane ke makalewa, kuma dalilin ba a cikin rautar da kake ta tonawa yake ba. Akwai wata NAT a gabanta. Ka shiga shafin farko na rautar, ka duba adireshin da aka rubuta a gaban WAN IP, wato adireshin da rautar ke samu daga waje. Sannan ka buɗe burauza ka tambayi Google adireshin IP ɗinka. Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, kai tsaye kake da duniya, a koma duba saiti. Idan sun bambanta, sai a duba yadda na WAN ya fara.

Idan ya fara da 192.168, kusan tabbas rauta biyu ne a jere a gidanka. Haka na faruwa ne idan mutum ya sayo rauta mai ƙarfi ya jona ta a bayan akwatin da kamfanin faiba ya kafa, alhali akwatin shi ma rauta ne. Kowacce na yin NAT nata, ƙofar da ka buɗe a ta ciki tana rufe a ta waje. Xbox ma takan faɗa ƙarara cewa ta gano Double NAT. Gyara uku ne, ka ɗauki ɗaya. Ko a mayar da akwatin kamfani Bridge Mode, ya bar wa sabuwar rauta aikin, wanda sau da yawa sai kamfanin ne zai yi maka. Ko a mayar da sabuwar Access Point Mode, ta tsaya a raba waifai kawai, a yi saitin UPnP a akwatin kamfani. Ko a sa adireshin sabuwar a DMZ na akwatin kamfani. Hanya ta biyun ta fi sauƙi, kuma ita nake ba da shawara ga wanda abin da ya kai shi sayen rauta shi ne waifai ya kai ɗakinsa.

Idan kuma adireshin WAN yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10 alhali babu wata rauta a gabanka, to kamfanin ne da kansa ke yin NAT, abin da ake kira CGNAT. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal a duniya, sun yi kaɗan, shi ya sa kamfanoni ke cusa masu hulɗa da yawa a bayan adireshi ɗaya. A 2012 aka ware jerin 100.64 ɗin musamman don wannan. Ba abin da za ka danna a gida da zai buɗe shi. Sai dai ka tambayi kamfanin ko suna ba da adireshin IP na fili. Wasu kamfanonin faiba suna bayarwa, galibi da ƙarin kuɗi.

Daga faiba na koma rauta mai sim. Ko Starlink ce mafita?

Layukan waya kusan duka a bayan CGNAT suke, 4G ne ko 5G. Wanda ya bar faiba ya koma rauta mai sim bai sauya rauta kaɗai ba, ya sauya hanyar fitarsa gaba ɗaya, kuma NAT mai tsauri na iya zama abin da zai zauna da shi. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ma CGNAT take amfani da shi a tsarin gidaje, kuma wasu samfuran rautarta ba su da ramin kebul sai an sayi mahaɗi daban. Ka san wannan kafin ka zuba kuɗi.

Abin sassauci shi ne, gem ɗin da ke tara kowa a sabar kamfani, irin su Fortnite da PUBG, ba su damu da NAT sosai ba. Kuma idan layinka na ba da IPv6, wato sabon tsarin adireshi, ka kunna shi a rauta. Xbox na amfani da shi, kuma a can babu wannan cunkoson adireshi.

Sabuwar rautar ta fi gudu, gwaji na nuna 100 Mbps, amma ɗan wasana sai ya tsaya cak sannan ya yi tsalle.

Gudun sauke kaya daban, saurin amsa daban. Gem ba ya cin ko kusa da 100 Mbps. Abin da ya dame shi uku ne: ping, wato tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, sai yadda ping ɗin ke hawa da sauka, sai ɓacewar wasu bayanan a hanya. A gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa, ping na 100 ms, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, daidai yake da hotuna shida. A EA Sports FC ko eFootball, wannan ya isa a ƙwace maka ƙwallo kafin fasin ɗinka ya fita. Amma ping 100 da ke zaune wuri ɗaya ya fi wanda ke yawo tsakanin 40 da 300, domin hannu na sabawa da jinkirin da ba ya canjawa.

Ga yadda ake gano inda jinkirin yake. A kwamfuta mai Windows, ka buɗe Command Prompt daga ɗakin da kake wasa, ka rubuta ping, sai adireshin rautarka, sai -t. A kebul za ka ga 1 ms ko ƙasa da haka, a waifai mai lafiya 'yan ƙalilan. Idan kana ganin 3, 4, 250, 5, sai kuma Request timed out, matsalar ba ta fita daga gidanka ba. Idan wannan a zaune yake, ka gwada ping 8.8.8.8 -t, adireshin Google ne da ke waje. In nan ne lambobin ke tsalle, daga rauta zuwa waje ne.

Akwai kuma cunkoso na cikin gida. Layin aikawa ya fi na saukewa ƙunci, musamman a 4G. Mutum ɗaya ya fara ɗora bidiyon biki a status, ko waya ta fara kwashe hotuna zuwa Google Photos, sai bayanan gem su tsaya a bayan layi, ping ya haura ɗaruruwa. Ka duba QoS a rautar, wato saitin da ke tsara bayanan wace na'ura za su fara wucewa. Tsohuwar wataƙila an saita mata, sabuwar ba a yi ba. Ka ba na'urar gem fifiko, ko ka ƙayyade gudun gidan zuwa ɗan ƙasa da abin da layin ke iya ɗauka, kamar kashi 85 cikin 100.

Wani jinkirin kuwa ba rautar da za ta cire shi. Haske a cikin faiba yana cin kilomita 200 a kowace ms. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa 70 ms ke nan tun ba a ƙara komai ba. Mai wasa daga Kano ko Zinder kuma sai bayanansa sun fara gangarawa bakin teku. Muddin sabar gem ɗin a Turai take, wannan kuɗin hanya dole a biya shi. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, intanet ya rikice a ƙasashe da dama, ba laifin rautar kowa.

2.4 ko 5, wanne zan hau? Kuma ina zan ajiye rautar?

In kana ɗaki ɗaya da rauta, ko bango ɗaya ne tsakaninku, ka hau 5 GHz. Ya fi sarari, ba cunkoso. Sai dai ba ya ratsa bango sosai, kuma bulo da rufin siminti mai rodi suna cinye shi. 2.4 ya fi nisa, amma a nan waifan maƙwabta da Bluetooth suke turereniya. In dole ne 2.4, ka sa tashar a 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna, faɗin kuma 20 MHz.

Rauta a sama take so, a fili, ba a bayan talabijin ko cikin durowa ba. Mai sim tana da buƙata biyu masu karo da juna: kusa da taga don kama sabis, kusa da kai don waifai. Ka bar ta a taga, ka ja kebul. Tashar ajiye Switch ta farko ba ta da ramin kebul, sai da mahaɗin USB. Samfurin OLED na 2021 ne ya zo da ramin. Na'urar ƙara nisan waifai da ake sakawa a soket kuwa, tana ƙara sandunan sigina, tana kuma ƙara jinkiri. Ga gem ba na son ta.

An ce in sa DNS 8.8.8.8 ping zai sauka. Gaskiya ne?

A'a. Aikin DNS shi ne nemo adireshin saba a farkon haɗi. Da an fara wasa ya gama nasa. Sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare yana taimakawa idan shiga asusu ne ke ƙi, ko kantin gem ba ya buɗewa, ko gwajin haɗi ya ce DNS ya gaza. Ba ya cutarwa, amma ba maganin daskarewa ba ne.

MTU fa?

MTU shi ne iyakar girman kowane ƙunshin bayanai da ake aikawa. Ka bar shi a Automatic. A kebul 1500 ne, a PPPoE 1492, kuma rauta kan daidaita kanta. Lambobin da ake yawo da su a bidiyoyi ana cewa suna rage ping, ba su da tushe.

A kwamfuta nake wasa. Tun da aka sauya rauta ba na iya buɗe wa abokai wasa.

Windows na ɗaukar sabuwar rauta a matsayin baƙon netwok, ya sa ta a rukunin Public, katangar tsaronsa ta ƙara matsewa. Ka shiga saitin netwok ka mayar da ita Private, sannan ka duba ko an ba gem ɗin izini a Windows Defender Firewall. Kada ka kashe katangar gaba ɗaya. Ka kuma tabbatar ba waifan baƙi ka hau ba, domin Guest Network da saitin AP Isolation suna hana kayan gida ganin juna, har Remote Play daga PS5 zuwa waya kan lalace saboda su.

Ni a waya nake buga Free Fire da Call of Duty Mobile. Duk wannan ya shafe ni?

Maganar NAT da ƙofofi ba ta cika shafarka ba. Taka matsalar waifai ce. Waya na tsalle tsakanin 2.4 da 5, ko tsakanin waifai da data in ta ga sigina ya raunana, kuma kowane tsalle yankewa ne a cikin wasa. Ka raba sunayen zangunan, ka kashe data lokacin wasa, ka cire yanayin tattalin batir. Abu ɗaya kuma: tun daga Android 10 da iOS 14, waya na ƙirƙiro adireshin MAC, wato lambar da rauta ke gane na'ura da ita, daban ga kowane waifai. In ka ba wayarka fifiko a QoS ko ka sa ta a jerin waɗanda aka yarda su hau, ka duba cewa adireshin da take nunawa a wannan waifan ka rubuta.

Gidan gem nake da shi, na'urori shida a rauta ɗaya. Ɗaya na samun Open, sauran Strict.

Ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa ga na'ura biyu. In ka tura 3074 ga ta farko da hannu, sauran sun rasa. Haka DMZ, guda ɗaya yake ɗauka. A irin wurinka UPnP ne hanya: ka goge duk ƙofofin da aka buɗe da hannu, ka bar shi ya raba. Xbox tana da Alternate port selection a Advanced settings, inda za ka ba kowace na'ura ƙofarta daban. Ka sayi ƙaramin akwatin raba kebul mai ramuka takwas, kowace na'ura ta sami nata, kuma kada fasiwod ɗin wannan rautar ya shiga hannun masu jiran layi. Sabunta gem, wanda kan kai gigabait gommai, a bar shi sai an tashi. Na'ura ɗaya da ke saukewa a ɓoye ta isa ta ɓata wa sauran biyar wasa, kuma kai za a zaga.

Yana tafiya daidai, sai can ya yanke na minti biyu ya dawo.

Minti biyu kusan shi ne lokacin da rauta ke ɗauka ta tashi daga mutuwa. Ka duba shafin da ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. In kullum sabo ne, kashe kanta take yi. A duba wuta: ɗaukewar NEPA, juyawa zuwa janareto, ko ƙarancin ƙarfi. Ƙaramin batir na rauta yana maganin wannan. A duba caja kuma, domin mutane kan jona sabuwar rauta da cajar tsohuwa ganin bakin ya shiga, alhali ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba ɗaya ba ne. Sai zafi. A watan Afrilu, rautar da ke taga rana na dukanta za ta yi ta sumewa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, ka sabunta manhajar cikin rautar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, kuma ka tabbatar wuta ba za ta ɗauke ana cikin yi ba. A rauta mai sim, ɗaure ta a kan 4G kaɗai na hana ta tsalle tsakanin 4G da 5G a inda 5G ba shi da ƙarfi.

VPN zai taimaka?

VPN yana bi da bayananka ta wata saba kafin su isa ta gem, don haka galibi ƙara tsawon hanya yake yi, ping ya hau. Yakan yi amfani in hanyar da kamfaninka ke bi zuwa sabar ce karkatacciya, kuma ƙalilan daga masu sayar da shi suna ba da damar buɗe ƙofa, wanda ke kewaye CGNAT. Amma PlayStation da Xbox ba sa ɗaukar manhajar VPN, sai an saka a rauta, sannan wasu gem ɗin na iya hukunta asusun da ke ɓoye yankinsa. Na kyauta kuwa, a manta da shi.

Yaushe zan haƙura in kira kamfanin intanet, kuma me zan ce musu?

Idan ka gwada da kebul, ping zuwa rauta a zaune yake, amma zuwa 8.8.8.8 yana tsalle ko yana ɓacewa, ko kuma ka ga alamar CGNAT a adireshin WAN. In tsohuwar rautar na nan, ka mayar da ita na awa ɗaya a kan layin. Idan ita ma ta yi haka, an wanke sabuwar.

Kada ka ce musu "gem ɗina ba ya yi", za su ce ka kashe ka kunna. Ka gaya musu adireshin WAN da kake gani, sakamakon ping da lokacin da ka ɗauka, da cewa a kebul ka gwada. Ka tambaye su abu uku: ko layinka a bayan CGNAT yake, ko suna ba da adireshin IP na fili da nawa ne, da ko za su iya mayar da akwatinsu Bridge Mode. Ka karɓi lambar ƙorafi kafin ka ajiye waya, domin in ka sake kira wani ne daban zai ɗauka.